Tukwanen Malam Idi da Ruwan Alwalarmu

Ranar wata Talata ce bayan la'asar. Ina zaune cikin mota a ƙofar wani kanti a Al-Badi'a, ina jiran iyalin maigidana su gama sayayya, sai wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, 'yar Malam Idi, wadda take aikin jinya a nan Riyadh. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Baba Haruna, Baba ya cika." Na ce, "Wane Baban?" kamar akwai wani. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a lambun da yake aiki, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Washegari muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a ƙasar da ya yi shekara ashirin da biyu yana wa hidima.

Malam Idi Bazazzage ne, ni Bakano, saboda haka tun ranar da muka zama maƙwabta a wani bene a Al-Suwaidi ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ni direba ne, shi mai kula da lambu a gidan hutun kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan lura. Idan wani daga cikin mutanenmu ya rasa aiki, ko iƙamarsa, takardar izinin zama, ta shiga matsala, Malam Idi ba ya zuwa da dogon jawabi. Kwanon tuwo zai ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya juya. Na ci wannan tuwon ni ma, wata uku cur, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar da zancen ba.

Amma wanda duk ya san shi, da tukwanensa ya san shi. Guda goma sha huɗu ne a saman benenmu, kusa da tankin ruwa. Wani tsohon mai lambu ɗan Jodan ne da zai koma gida ya bar masa saiwoyin furen da ke cikinsu, a naɗe cikin jarida, masu kama da ɗanyar citta. Larabawa suna kiran furen sausan. Wannan irin na busassun duwatsu ne, kuma ana gane shi tun daga ƙwayarsa, domin kowace tana da wani farin kitse a wuya kamar an ɗaura mata rawani. Tururuwa na son kitsen nan kamar me. Na sha ganinsa, dattijo mai furfura, a rarrafe yana bin layin tururuwa, yana cewa, "Ke, dawo min da kayana!"

Idan sanyi ya fara ja da baya furen ya buɗe, sai ya kira ni sama, ko ina so ko ba na so. Na farko da na gani na ce, "To, fure ne." Ya ce, "Bakano ke nan, in ba na sayarwa ba ne ba ka gani. Durƙusa ka gaishe shi tukuna." Na durƙusa. Ya nuna min kunnuwa uku da suka miƙe sama, da uku da suka sunkuyo, kowanne na ƙasan da ɗan gemunsa. A ƙarƙashin gemun akwai baƙin tabo, kamar an tsoma babban yatsa a tawada an danna. Jijiyoyi sirara sun bi jikinsa kamar zanen lalle. Ya ce na asali fure ɗaya tak yake yi a kan kara, tabonsa babba, ganyensa siriri a lanƙwashe kamar lauje. Ruwa-biyu kuwa, wanda aka haɗa da sausan na lambu, ganyensa ya fi faɗi da miƙewa, tabonsa ya fi ƙanƙanta, yana iya yin fure biyu ko uku, kuma ya fi haƙuri da mai shi. Na ce, "Ashe ruwa-biyun ne mai hankali." Ya ce, "Shi ya sa ba a samunsa a Kano."

Kowace tukunya da sunanta, an rubuta da ajami a kan guntun roba an soke a ƙasa. Ɗaya ce kawai babu suna. Wannan haɗinsa ne na kansa. Da tsinken sakace ya ɗebo garin wani baƙin fure na asali ya shafa wa wani ruwa-biyu mai ruwan zuma. Ƙwayar ta yi shekara uku a ƙasa ba ta motsa ba, ina ta yi masa dariya cewa yashi yake kiwo. A ta huɗu ta tsiro. Ta yi shekara biyu tana ganye kawai, kuma bana ne yake sa ran ganin fuskarta. Ya ce, "In ya fito da kyau, sunan Hajiya Binta zan sa masa." Uwar 'ya'yansa ke nan, tana can gida Ikara. "In kuma ya fito da muni, sunanka ne, Haruna."

Abu ɗaya ya fi nanata min. Da zarar zafi ya shigo, ganyen nan yakan bushe ƙurmus, tukunya ta zama kamar ba kowa a ciki. Ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba, barci yake. In ka ba shi ruwa cikin zafi, ka dafa shi." Ya ce shi ya sa furen ba zai rayu a can gida ba, inda damina take zuwa da ɗumi. Duk shekarar da zai tafi hutu, a bakin filin jirgi maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Amanar da na bar maka mai sauƙi ce. Kada ka yi komai. Na san ka iya."

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina da laifin da zan faɗa a gaban jama'a.

Ɗakinsa bai ɗauki masu ta'aziyya ba, sai muka shimfiɗa tabarmi a saman bene inda inuwar tanki take sauka da yamma. Zafi bai sake mu ba a lokacin. Magariba ta gabato, na ɗauki buta. Na duba inda zan tsuguna, idona ya sauka a kan tukwanen nan a bushe, babu ko ɗigon kore, mai su yana ƙarƙashin ƙasa. Ban san inda hankalina ya tafi ba. Mu da aka raina da cewa ba a zubar da ruwa a banza in akwai shuka kusa, sai kawai na yi alwalata a kan tukunya. Jama'a suka ga babba ya yi, suka bi. Wani ma ya ce, "Madalla, ladan ya isa gare shi." Kwana uku ana haka, kowa da butarsa, kowa da kyakkyawar niyya.

A rana ta biyar Hadiza ta hau tattara tabarmi, sai ta sauko ta ce, "Baba Haruna, wani wari nake ji wajen tukwanen Baba." Kafin ta rufe baki maganarsa ta faɗo min kamar yana tsaye a bayana. Na hau benen nan da gudun da gwiwoyina suka manta da shi.

Muka juye tukwanen a kan buhu ɗaya bayan ɗaya. Tara sun zama kunu. Na zauna a ƙasa, hawayen da ban yi a maƙabarta ba suka zo. Hadiza ta ce, "Baba, tashi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kai kuma ka ga yadda yake yi. Faɗa min, ni in yanka." Haka aka yi. Ta wanke wuƙa, tana yanke ruɓaɓɓen wuri har sai ta kai farin nama mai tauri, ni ina barbaɗa toka, muna jerawa a inuwa. Ta marar sunan, abin da ya rage bai fi kan ɗan yatsa ba. Ta ce, "Zai yi?" Na ce, "Mahaifinki ne ya sani." Muka mayar da su cikin busasshen yashi da tsakuwa. Na sa wa ƙofar bene kwaɗo, na rataya makullin a wuya, na shiga aikin da aka ce na iya.

Ban taɓa sanin rashin yin komai yana da wuya haka ba. Sati bakwai ina hawa ina kallon yashi, hannuwana a baya don kada su ci amana. Sai da iskar safiya ta fara sanyi muka ba su ruwa, rabin kofin shayi kowacce.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na hau. A tukunyar da ba ta da suna, wani ɗan kore ya huda yashi, bai kai tsawon ashana ba, kansa ya ɗan karkata. Na durƙusa na gaishe shi. Hadiza ta ɗauki hoto ta aika Ikara. Hajiya Binta ta kira, ta ce, "Malam Haruna, in ya yi furen, ko yaya ya fito, ina so."

Na ce, "Hajiya, in ya yi kyau naki ne, haka ya bar wasiyya. In ya yi muni kada ki ƙwace min, shi kaɗai ne gadona."

Ban sani ba ko zai yi fure bana bayan wuyar da muka ba shi. In sai baɗi ne, zan jira, in da rai. Guntuwar robar tana aljihuna, ban rubuta komai ba tukuna.

Ya Allah, Kai da kake tayar da abin da ya bushe a lokacin da Ka so, Ka jiƙan bawanka Idrisu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci, Ka sanya shi cikin lambunan da ba sa bushewa. Ka ba Hajiya Binta da Hadiza da ƙannenta haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu. Waɗanda suka zuba ruwan nan da zuciya ɗaya, Ka ba su ladan niyyarsu. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa mu da shi a inda zai sake ce min Bakano. Amin.