Maharazu da 'Ya'yan Mesa Bakwai

A unguwar Limawa ta Dutse ba kowa ne ya san Maharazu da sunan yanka ba. Ɗan Mai Mesa ake ce masa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana faci a gindin wata dalbejiya, da injin iskarsa da bahon ruwan da yake tsoma tayoyi. Mutum ne mai fara'a, ba ya ha'inci a aiki, kuma Allah ya ba shi baki. Idan rana ta yi zafi ciniki ya lafa, direbobi da 'yan acaɓa sukan cika bencinsa don su ji labarin macizai.

Labaran ba ƙarya ba ne. Mahaifinsa, marigayi Baba Hussaini, shi ake kira a ƙauyukan Miga idan maciji ya shiga rumbu ko ɗakin kaji. Da sanda mai baki biyu da buhu yake zuwa, ya kama, ya kai daji ya saki. Abin da Maharazu bai taɓa faɗa ba shi ne, ba shi yake riƙe buhun ba. Yayarsa Fatsuma ce. Shi tun yana ɗan shekara shida ko igiya ya gani a ciyawa sai ya ruga da gudu, kuma duk ranar da aka zo kiran tsohon, sai ya sulale bayan gida. Da ya zo Dutse ya fara ba da labarin yana cewa "Babanmu ya kama". A hankali ta koma "muka kama". Bai san ranar da ta zama "na kama" ba.

Ana haka, farkon daminar bara, Malam Abdulkahar ya tsaya da babur a gaban bencin, da kwali ɗaure a baya. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, tsohon mai kawo masa faci. Ya ce ana share gonar yayansa a hanyar Ringim aka rushe wani suri, aka tarar da mesa kwance a kan ƙwai. Ma'aikata suka kashe uwar, shi kuma ya kwaso ƙwan, ga shi bakwai sun ƙyanƙyashe jiya.

"Na san sunansu a littafi, Malam Maharazu, amma ban san renonsu ba," in ji shi. "Na ce ga ɗan gado a gari, me zai sa in wahala? Ka riƙe min su su yi ƙwari, in nuna wa ɗalibai, sannan mu mayar da su daji."

Ya buɗe kwalin. Ga su nan a cuɗe, kowanne bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Mutum tara ne a bencin, duk suka zuba wa Maharazu ido. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne."

Ya kai su gida, ya juye su a rabin duro ta bayan ɗaki ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Sai kuma tambayar da bai da amsarta ta taso: me suke ci? Ya tuna ana cewa maciji na son nono, ya sayo kindirmo ya zuba a murfin kwano. Ba su kula ba. Ya dafa ƙwai ya marmasa musu. Ƙudaje ne suka ci. Kwana huɗu babu wanda ya buɗe baki, tsoro ya kama shi kada su mutu da yunwa a hannunsa. Sai ya yanko tsohuwar roba ta cikin taya ya naɗe hannuwansa, ya riƙa kamo su yana buɗe bakinsu da tsinken tsintsiya, yana ɗura musu madara da sirinji, yana tura ɗan jan nama a bayanta. Duron kuwa na ƙarfe ne, kuma rana tana dukansa daga hantsi har azahar.

Washegari ɗaya ya amayar da naman ya mutu. Bayan kwana biyu wasu biyu suka bi shi. Ya haƙa rami a gindin katanga ya binne su. A ranar Malam Abdulkahar ya kira shi a waya, Maharazu ya ji bakinsa yana cewa, "Suna nan lafiya ƙalau, ci kawai suke yi." Da ya kashe wayar ya daɗe a tsugune yana kallon ƙasar da ya tattake.

A makon ne Fatsuma ta zo daga Miga don a duba mata ido a asibiti, ta sauka a gidansa. Ta haura hamsin, tana kiwon awaki tana sayar da daddawa, kuma tun da aka yi mata aure ba wanda ya sake tambayarta zancen maciji. Tana alwala a bayan ɗaki ta ji tsamin madara, ta leƙa duron. Da Maharazu ya dawo da la'asar ya same ta zaune kusa da shi a kan turmi, da ɗan mesa ɗaya naɗe a hannunta kamar awarwaro.

"Maharazu, wa ya ba ka waɗannan bayin Allah?"

Ya faɗa mata. Ta tambaye shi nawa ne da farko, ya ce bakwai. Ta tambayi abin da ya ba su, ya lissafa yana kallon ƙafarsa.

"Madara? Ka taɓa ganin mesa da nono?"

"Yaya, ƙin ci suka yi. Kuma dubi idonsu, duk ya yi fari. Ina jin makancewa suke yi."

"Saɓa za su yi, ba makanta ba ce. Ɗan mesa da guzurinsa yake fitowa daga ƙwai, cikinsa a cike. Ba ya cin komai sai ya tuɓe rigar farko. Da ka ba su ruwa da inuwa ka ƙyale su, da bakwai ɗin suna nan."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ta sa ya nemo tsohuwar randa, ta zuba yashi mai ɗan danshi, ta ajiye kasko da ruwa, da dutse mai kaushi da za su goga jiki, da fasasshiyar ƙwarya da za su ɓuya. Ta ce idan sun yi saɓa ya ba kowanne ɗan ɓera, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikin macijin ba, sau ɗaya a mako. Idan sun ci kada ya taɓa su sai bayan kwana biyu, in ba haka ba su amayar.

Suna cikin haka aka yi sallama. Malam Abdulkahar ne ya biyo ya ga 'yan amanarsa. Ya gaida Fatsuma, ya leƙa randar, ya yaba gyaran wurin.

"Kai, gado ba ƙarya ba ne! Hajiya, ƙanin nan naki ya ba mu labarin ranar da aka zura shi rijiya da igiya yana ɗan shekara goma sha biyu ya fito da mesa a buhu."

Fatsuma ta dubi Maharazu. Har yau da tabon igiyar nan a ƙugunta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ƙwarai, an yi haka."

Da ta tona shi, da ya sami abin yin musu. Rufa masa asirin da ta yi ne ya kasa ɗauka. Malamin ya sake leƙawa yana ƙirgawa, ya ce huɗu yake gani, ko sauran suna ƙarƙashin ƙwarya?

"Suna gindin katangar can, Malam," in ji Maharazu. "Ni na kashe su da ɗura. Ranar da ka kira ni ma ƙarya na yi maka. Ban san komai a kan maciji ba, tsoronsa nake ji. Wadda ta shiga rijiya ga ta nan zaune."

Malam Abdulkahar ya cire hula ya mayar. Can ya ce Allah ya kyauta, da an faɗa masa tun farko da ya nemi wani. Sannan ya jawo kujera ya zauna gaban Fatsuma, ya fito da biro da takarda. Har aka kira magariba yana tambaya tana ba shi amsa, Maharazu yana tsaye a jikin bango ba wanda ya ce masa ya zauna.

Bayan kwana uku suka yi saɓa. Fatsuma ta koma gida. Maharazu ya shiga bin masu injin niƙa da masu ɗakin ajiyar hatsi yana roƙon su bar masa 'ya'yan ɓera idan sun ɗaga buhu, yana ɗaukowa a gwangwani. Uku suka karɓa tun a makon farko. Na huɗun, wanda ya fi shan ɗura, bai taɓa ci ba, ya mutu a mako na uku.

A bencin faci bai tara mutane ya yi musu bayani ba, ƙarfin halinsa bai kai nan ba. Ya dai daina ba da labarin. Da wani direba ya zo da gudu wai kumurci ya shiga shagonsa, Maharazu ya ce, "Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba." Aka yi dariya ana zaton wasa yake, sai da aka ga bai tashi ba. Wasu sun daina zama, wasu har yanzu suna tsokanarsa.

Da kaka ta yi, bayan ɗalibai sun gan su, shi da malamin suka kai ukun wata fadama nesa da gari. Malamin ne ya kwance buhun. Maharazu ya tsaya daga baya-baya har suka shige ciyawa, sannan ya kira yayarsa ya faɗa mata. Ta tambayi kaurinsu, ya ce sun kusa ƙotar fartanya. Ta ce to, ba su rame ba. Sai ta ce idan zai zo Miga ya taho mata da maganin ɗigawa a ido, nata ya kusa ƙarewa.