Dokokin Rumawa a Zauren Kawu

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina gida a garinmu Fassi, na kasa zaune na kasa tsaye. Ina fama da kundin digirina na biyu a kan dokokin cocin Rumawan gabas, waɗanda aka rubuta da Girkanci shekaru aru-aru da suka wuce. Kowa maganar Shari'a yake, ni ina ta juya takardu, ƙamus a cinya.

Wata la'asar na kwashe su zuwa zauren kawuna, malamin fiƙihu. Na fassara masa hukuncin da limaman Rumawa suke yi wa mai rantsuwar ƙarya, ina zumuɗin ya yaba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Madalla. A gaban wa ka karanta littafin nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni kaɗai na koya, da ƙamus."

"To wa ya gyara maka inda ka yi kuskure?"

Raina ya ɓaci. Shi kowane littafinsa yana iya faɗin wanda ya biya masa, da wanda ya biya wa wancan. Na tattara takarduna na fice, na yi ta zagaye gonar gyaɗa har magariba.

Na daɗe ina koyar da fannin nan yanzu. Har yau ban taɓa jin wani masani ya karanta Girkancin da baki ba, kuma ɗalibaina yadda na furta suke furtawa.