Audugar Kaka Hajo

A wani ɗan ƙauye na Damargu aka haife ni, kusa da kwarin Tarka. Ina da wayo lokacin da aka ce Nasara sun ɗauke babbar barikinsu daga Damagaram sun koma Yamai. Mu dai ba mu ga sauƙin komai ba, don a shekarar ne aka tuɓe wa babana rawani.

Shi ne mai garinmu. Bayan girbi sai ga gardawa, wato dogaran Nasara, daga bariki, wai a buɗe rumbunan tsimi a auna wa raƙuman soja gero. Baba ya ce abin da aka saba bayarwa an bayar, na tsimi kuwa na ranar yunwa ne, ba zai buɗe ba. Suka warware masa rawani a gaban mata da yara, suka naɗa wa wani, suka fasa rumbunan da hannunsu. Baba ya shiga ɗaki ya saki asabari. Kwanaki suka yi ta wucewa, ba masallaci, ba bakin rijiya. Tuwon da Inna ta kai masa, haka take dawowa da shi an ɗan taɓa gefe. Na ji ta tana gaya wa maƙwabciya cewa baƙin ciki zai kashe mutumin nan, kuma tun daga ranar tsoro bai bar ni ba.

Mutum ɗaya ce ta isa ta yi masa faɗa, wato mahaifiyarsa, Kaka Hajo. To amma Baba ɗanta ne na fari, kuma matan wancan zamanin ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta tsayawa ta yi magana da shi ido da ido. In ta kama dole, sai ta ce "wancan na ɗakin gabas". Tsohuwar da duk garin ke shakkar bakinta, ga ɗanta yana narkewa, al'ada ta ɗaure mata harshe.

Kullum in an gama cin tuwo, a ƙofar ɗakinta take hura wutar kara, mu kewaye ta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Ran nan sai ta ce hayaƙi yana damunta a can. Ta sa ni da wana Ilu muka kwashi wutar muka kai dab da ƙofar Baba. Iska ɗaya ce a tsakar gidan, amma wa ya isa ya gaya mata?

"Ga ta nan ta taho, mai kunne ya tare ta," in ji Kaka, da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi.

Wai an yi wani sarki da ya gina gidansa a kan jan dutse mai tsawo, irin na wajen Tanut amma ya ninka su. Duk wanda ya mayar masa da magana, sai a kai shi bakin dutsen a tura. Kowa aka kai sai ya dunƙule, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi don kada a ga fuskarsa, ya tafi ƙasa kamar curin laka. Wata rana sarki ya aika a karɓo zaren wata tsohuwa, ta ce a gaya masa zaren na likkafaninta ne, ba ta bayarwa. Aka yanke mata hukuncin dutse. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta sa babbar rigar marigayi mijinta, fadawa suka yi ta sheƙa dariya. Da aka tura ta sai ta ware hannu da ƙafa. Iska ta cika rigar, ta riƙa saukowa a hankali tana lilo, har tana duba gonakin mutane. Ta dira, ta gurɗe ƙafa ɗaya, ta miƙe ta kakkaɓe jiki, ta ɗaga kai ta ƙwala kira: "Ranka ya daɗe, na iso! Ko akwai wani dutsen?"

Muka fashe da dariya. Ilu, da ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "Kaka, ai don ba ta da nauyi ne. Da ƙato ne da tuni ya fashe."

"Maigidana, kanka kamar tulu amma ba ruwa ciki," in ji ta. "Miƙo mini ɗan dutsen niƙa da tsakuwa guda."

Ta kife turmi ta hau, muna riƙe mata ƙafa. Ta saki duwatsun a lokaci ɗaya, babba da ƙarami, suka bugi ƙasa tare.

"Kun ji? Ƙasa ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. In ta yi kira, tafiya ɗaya ce."

Sai ta ciro auduga daga kwandonta ta raba biyu daidai. Rabi ta murza da yawu har ya koma kamar ƙwallon magarya, rabi ta yayyage shi ya yi faɗi. Ta sake su. Dunƙulallen ya faɗi nan take, ɗayan kuwa ya yi ta yawo a hasken wuta kafin ya kwanta a kan ƙafata.

"Wanne ya fi nauyi?"

"Ɗaya ne, Kaka," na ce. "Sai dai wannan ya buɗe, iska ta sami wurin riƙewa."

"Yauwa, 'yar nan. Iska ba ta tallafar abin da ya dunƙule." Ta sauko, ta zauna, ta zuba wa wuta ido, ba ta ko kalli ɗakin gabas ba. "Kowa a duniyar nan ana tura shi, ba abin kunya ba ne. Ni dai na san ban haifi curi ba."

Can sai asabari ya motsa, muka ji muryar Baba a dushe yana tambayar Inna ko akwai sauran tuwo. Kaka ta ɗauki mazarinta ta ce, "Ƙurunƙus, na ɗora wa kusu a ka ya gudu da ita." Amma tana fara kaɗi zaren ya tsinke mata.

Da safe Baba ya sa babbar riga ya fita kai ba rawani. Ya bi ta bakin rijiya yana gaida kowa da ƙarfi, ya je har zauren sabon mai gari ya ce masa geron nan amanar talakawa ne, kuma ko gobe aka tambaye shi, a'a zai ce. Rawanin bai dawo ba har ya koma ga Allah, amma bai sake sakin asabari da rana ba.

Sai da na girma na gane tsohuwar nan ta cikin tatsuniyar ma ba ta hana kanta faɗuwa ba, kuma ta sauka da ciwo. Nawa dutsen ya zo shekarar da fari ya cinye mana gero da dabbobi, na tafi Damagaram ina daka a gidajen mutane, ni 'yar mai gari. Akwai matan ƙasarmu a can da suke jan zane su rufe fuska in sun hango ɗan gida. Wasunsu sun yi ciwo a lungu ba wanda ya san inda suke, har aka rasa su. Ni kuwa in na ga ɗan garinmu a kasuwa, ni nake fara ƙwala masa kira. Nakan ce masa in ya koma ya gaya wa kowa ya gan ni da taɓarya a hannu, kuma a tsaye nake.