Kofin Sunan Banyo

Sanƙarau ya kama maigidana a tsakiyar zafi, shekarar da na haifi 'yata ta biyu. Nas ne a wani asibiti nan Garuwa. Ya tashi, Alhamdu lillahi, amma ya tashi kurma. Idan jaririyar tana kuka, sai ya ɗora tafin hannu a ƙirjinta kafin ya sani. Ni kuwa ko kasuwa na je na bar su, sauri nake yi in dawo.

Makon da ya ɗauki cutar ma ba makonsa ba ne. Matar abokin aikinsa ce ta haihu a Banyo, abokin ya roƙe shi ya riƙe masa ɗakin masu sanƙarau har a yi suna. Haka suke yi tsakaninsu, da baki kawai, ba mai taɓa takardar aikin da ke manne a bango. Sunan abokin ne a kai.

Da muka kai dosiye, wato takardun neman diyya, mutumin ofis ya ce a takarda maigidana hutu yake yi a makon, wa ya sani ko a unguwa ya kwaso. Sai fa in mai sunan ya sa hannu cewa musanya suka yi.

Sau uku ina hawa moto, wato babur ɗin haya, da goyo zuwa gidan abokin. A na ukun ya fito yana sakace.

"Haba Madam, so kike a kore ni? Musanya ba izini laifi ne. Ki yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Yaya, a gidanmu fa kake cin tuwo."

"To, ai ban ce ban ci ba."

Har da dariyarsa.

Na dawo ina wanke-wanke, sai ga wani kofin roba cikin kwanuka. Na rabon suna ne, matar abokin da kanta ta aiko mini bayan sun dawo. Ga hotonsa a jiki da babbar riga, jariri a hannu, ga Banyo, ga ranar a ƙasa. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba na santa. Ranar tana cikin makon da takardar bango ta ce yana bakin aiki a Garuwa.

Na nuna wa maigida. Ya girgiza kai, ya ce da ƙarfi, yadda yake magana yanzu, "Bari, yana da iyali." Na nuna masa yaranmu da yatsa, na ƙulle kofin a bakin zane.

Washegari na ajiye shi a teburin sufeton ma'aikata. Ya juya shi, ya sa aka kawo takardar bango, ya jera su. Aka karɓi dosiyenmu, abokin kuma aka dakatar da shi. Diyyar ta fito bayan damina. Ranar da na ji an dakatar da shi, kaza na yanka.

Matarsa ta zo har ƙofa tana kuka, wai in ji tsoron Allah, mijina da nata kamar 'yan'uwa suke. Na ɗaga mata labule.

"Ga shi can a tabarma. Shiga ki faɗa masa, ki ɗaga murya yadda kike so."