Baƙin Ruwa a Tankin Waifa

A bazarar da aka mayar da ni aiki wata ƙaramar hukuma a wajen gari ne motata ta fara wari. Tsohuwar mota ce, ta hannu na saya, amma ina ji da ita fiye da kima. Matata kan ce da mota na cin tuwo, da ni zan riƙa ba ta a baki. Ranar Litinin nake fita daga Sakkwato, in kwana can wurin aiki, sai ƙarshen mako in dawo gida.

Wata ranar Litinin ina bayan wata babbar mota mai ɗauke da siminti daga Kalambaina, ta bule mini gilashi da farin gari har ban ganin gabana sosai. Na ja sandar waifa, ruwa ya feso, gilashi ya wanku. Kafin in ce alhamdu lillahi sai wani wari ya shigo ta kafofin iska ya cika motar, irin na ƙwan da ya ruɓe aka manta da shi a bayan ɗaki. Na sauke gilasai duka, zafin rana ya shigo ya haɗu da warin, na rasa wanda zan zaɓa a cikinsu. Haka na isa ofis ina shinshina rigata.

Da farko na zargi ɓera. Na cire kujeru, na kakkaɓe shimfiɗun ƙasa, na leƙa but ɗin bayan motar, ban ga ko ƙadangare ba. Na sayi turaren mota na rataya, sai ya zama wari biyu. A hankali na lura cewa in dai ban taɓa sandar waifa ba, motar lafiya lau take. Da na fesa ruwa, sai abin ya taso. Na kuma lura ruwan yana barin wani siririn baƙin layi a gefen gilashi idan ya bushe.

Ranar Juma'a da na dawo na biya garejin bakanikena. Dattijo ne mai barkwanci, mun daɗe tare. Ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin ƙaramin tankin robar da ruwan wanke gilashi yake zama, ya kai hanci, sai ya ja da baya yana toshe fuska da hula.

Ya ce, "Malam, mi kaz zuba ciki? Wanga ai ya hi ƙarhin ruwa."

Na ce ban zuba komai ba. Gaskiya ma na manta rabon da in ƙara wa tankin ruwa. Har yabon motar nake yi a ofis, ina cewa tawa ba ta shan ruwan gilashi kamar ta sauran mutane.

Ya tsoma tsinke ya fito da shi, ga shi baƙi, da wani yauƙi-yauƙi a jikinsa. Ya ce aikin ba wuya: zai zare tiyon da ke ƙasan tankin, ruwan ya tsiyaye, a wanke da ruwan zafi da garin sabulu, shi ke nan. Sai dai motoci sun yi masa yawa ranar, in dawo gobe. Na dubi inda ruwan zai tsiyaye. Ƙasar garejin ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli, ga kwata a gefe, awaki na tattaka ta. A lokacin ban ga wani abin damuwa a nan ba.

Da yamma muna cin abinci na ba matata labari, ina dariya, na ce gobe za a zubar da ƙazantar a kwata in huta. Sai na ga hannunta ya tsaya a cikin kwano. Ta waiga wajen ɗakin Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu a tsohon gidanmu kusa da Hubbare. Ta rage murya.

Ta ce, "Malam, don Allah kak ka bari a zuba shi kwata. Rubutun Inna na."

Ban gane ba sai da ta maimaita. Inna mace ce mai karatu, matan unguwa na zuwa ɗaukar darasi wurinta da la'asar. Tana da allonta da tawadar da take haɗawa da kanta da gawayi da ƙaro. Takan rubuta ayoyi da addu'o'i a allon, ta wanke a ƙwarya, a sha don neman tsari. Da wannan muka tashi. Ashe tun makon da na fara bin hanya, duk ranar Lahadi sai ta rubuta, ta wanke, ta ɗura a kwalba ta ba matata, ita kuma ta juye a tankin ba da sanina ba. Da farko ma a lagireto ta so a zuba, domin ta ji ana cewa nan mota ke shan ruwa. Matata ta ce mata can tafasa yake yi. Sai ta tambaya ko akwai wani wurin, aka gaya mata akwai ruwan da ke wanke gilashin gaba. Matata ta ce ranar Inna har murmushi ta yi, ta ce ai nan ya fi, tunda ta nan idona ke kallon hanya. Ƙaro da zafin Sakkwato a cikin rufaffiyar roba, me kuwa zai hana shi tsami.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a taɓa mini mota. Na miƙe zan nufi ɗakin Inna, matata ta riƙe bakin rigata. Ta ce in je in ce mata me? Na tsaya. Na koma na zauna, tuwon ma ya fita raina.

Ni dai na daina shan rubutu tun ina jami'a. Wasu abokaina sun ce ba shi da asali, wasu malaman kuma sun ce ba laifi, ni kuwa ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Na dawo hutu Inna ta miƙo mini ƙwarya, na ce mata na yi addu'ata, ta isa. Ba ta ja ba. Ta mayar da ƙwaryar ɗaki, ba ta kuma sake miƙo mini ba. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Amma a zaunen nan tunanina ya tafi ga yayana. Shi ne ɗan farinta, shi ya gaji sana'ar mahaifinmu ta fataucin shanu. Shekarun baya ya fita da safe zuwa kasuwar dabbobi, tayar motarsu ta fashe a hanya, aka kawo mana shi a lulluɓe. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana raye, saboda kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. Ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Da ya rasu ma ba wanda ya ji kukanta. Tana zaune a kan tabarma tana amsa gaisuwa, har ita ke tuna wa mata a kai wa baƙi ruwa. Daga ranar ba ta sake ɗauko zancensa ba, mu ma muka bar shi. Na zaci ta haɗiye abin ya wuce. Sai ga shi ni kaɗai na rage mata namiji, kuma kowace Litinin tana jin tashin motata daga ɗakinta. Idonta ya yi rauni, hannunta na rawa idan ta riƙe alƙalami. Na ƙiyasta tsawon lokacin da allo ɗaya yake ɗaukar ta yanzu, sai tausayinta ya kama ni.

Duk da haka ruwan nan dole ya fita. Ba a tuƙi da shi, kuma bakanike ya ce zai toshe bututun feshi. Amma sunan Allah ne aka wanke a ciki, ba a zuba shi inda ake takawa, balle kwata. Ko ni da na daina sha, wannan ban daina saninsa ba. Kuma ban so Inna ta ji an kwashe wahalarta an watsar kamar ruwan wanki. Na yanke cewa ni zan yi aikin da hannuna, a gida, ba tare da ta sani ba.

Da hantsin Asabar na sayo sabon siririn tiyo, na ɗauko babban kwanon da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Na kai motar ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar gida. Sai na tsinci kaina ina alwala kafin in ɗaga bonet, ban ma shirya hakan ba. Na zura tiyon har ƙasan tankin, na ajiye kwanon a ƙasa, na durƙusa. Duk wanda ya taɓa jan fetur daga tanki ya san yadda ake yi: a zuƙa da baki har ruwan ya taso, a yi maza a cire a saka a mazubi. Na zuƙa sau ɗaya, ba komai sai wari. Na ƙara zuƙa da ƙarfi. Kafin in ankara bakina ya cika taf.

Na jefa bakin tiyon cikin kwanon, baƙin ruwa ya fara zuba. Ni kuwa ga ni durƙushe, kumatu a kumbure, ido na hawaye. A daidai nan na ji ƙarar sandarta. Inna ce tsaye a bakin zaure, ta yafa mayafi, tana duban kwanon, tana duba na.

Tofarwa a ƙasa ba za ta yiwu ba. Tofawa a cikin kwanon kuma, a kan rubutunta, tana kallo, wannan ma na kasa. Na rufe ido na haɗiye. Ban taɓa sa abu mai muni irinsa a bakina ba, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Inna ta matso a hankali. Ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Da nib ba ka mai kyau ka ƙiya, yanzu da yaɓ ɓaci kaka sha?"

Na so in yi dariya, tari ya sarƙe ni. Ta aika a kawo mini ruwa, ta zauna a kan dakalin ƙofar gida. Na ce mata zafi ne ya lalata shi, kuma ba zan zubar da ko ɗigo a inda bai dace ba. Ta gyaɗa kai. Na zauna kusa da ita muna sauraron zubar ruwan a kwano. Ban taɓa jin kunyar Inna da son ta a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Can sai ta yi magana, ba ta dube ni ba, kwanon take kallo.

Ta ce, "Shi ma na rubuta mai ranan nan. Na hito da ƙwarya, yac ce sauri shikai, mota na jira nai. Yac ce in aje mai sai ya dawo."

Ba ta faɗi suna ba, ba ta kuma bukatar faɗi. Ta goge gefen idonta da bakin mayafi, ta ce ta sani sarai kwana in ya ƙare ya ƙare, ruwa ba ya tare shi. Ta ce ita dai ƙwaryar nan da ta koma da ita ɗaki a cike ce ba ta bar ta ba. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi zancensa, kuma shi ne na ƙarshe.

Na ɗauraye tankin da ruwa mai tsabta har sai da ya daina fitowa baƙi, kowane ɗauraya ina tarawa a kwanon. Na haƙa rami a gindin darbejiyar, ta ɓangaren katanga inda ƙafa ba ta bi, na juye, na mayar da ƙasa, na ɗora dutse. Inna na zaune har na gama. Na cika tankin da ruwan famfo, na fesa, ba wari. Cikina kuwa ya yi kwana biyu yana ba ni labari, matata na yi mini sannu tana ɓoye dariya.

Ranar Litinin na shirya da wuri kamar kullum. Na sa jakata a mota, na tayar da ita, sai kuma na kashe. Na koma cikin gida na yi sallama a ƙofar ɗakin Inna. Tana kan buzunta da carbi, allon na jingine da bango, ba komai a kansa. Ta ce ta ji tashin mota, ta ɗauka na wuce.

Na cire takalmi na zauna a bakin ƙofa. Na ce, "Inna, rubuta min in sha."

Ta dube ni jim kaɗan. Ta ce hannunta ba ya sauri yanzu, zan makara wurin aiki.

Na jawo mata allon da tawada na ajiye a gabanta. Na ce, "Rubuta a hankali, Inna. Ba sauri nikai ba."