Shekarar da Jan Baki Suka Saba da Muryata

Gonarmu ta hatsi tana bayan gari ne, nan ƙasar Shagari, kusa ƙwarai, har in Malam ya yi tari a can ina jin shi daga tsakar gida. Ni ba mai fita ba ce, iyakata madafa da bakin zaure, amma kaɗan ne ke wuce kunnena.

Shekarar da nake faɗi, ɗiyanmu maza duk sun yi kudu neman na kansu, Malam kuma ciwon gwiwa ya hana shi zagaya gona. Hatsi ya yi kyau, yana fara ido sai tsuntsayen jan baki suka sauka. Shi ne cinmu na shekara, ba mu da wani, kuma ba mai kore muna su.

Akwai wasu tsofaffin akwatunan sauti biyu da lasifika, waɗanda ƙanen Malam ya bari a ɗakinmu. Babban shi ke ba lasifika ƙarfi, ƙaramin shi ke da bolum, maɓallin nan da ake murɗawa murya ta hau ko ta sauka. Malam ya sa na buga murfin tukunya da muciya ina ihu, "Haa! Kai! Haa!" ya ɗauka a waya. Ya ɗaure lasifika a icce tsakiyar gona, ya zauna inuwa da batir, ƙaramin akwatin bisa cinyarsa. Dabarar duk a yatsunsa take. Sai ya sauke murya ƙasa, ya bar su su natsu bisa zangarniya, sannan ya murɗe bolum gaba ɗaya. Ina daka ina jin tashinsu, ruuu, kamar iska ta shiga rufin kwano.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke da ba ki hita, yau ga ki gona tun da sahe! Wa ya ba ki izini?"

Na ce, "Shi da kai nai ya ɗauke ni, har da batir."

Muka yi ta dariya. Ban san ita ce ta ƙarshe a wannan damina ba.

Ni na fara jin ciwon da ya kama ƙaramin akwatin. In ya murɗa, sai wata ƙara ta riga muryata fita, kamar ana taka busasshen kara. Na gaya masa ya ce iska ce. Daga baya murya ta koma ɗaukewa daidai lokacin da ake son ta. Ya murɗa, shiru, ya bubbuga akwatin, ta dawo bayan sun ci sun ƙoshi.

Ya hau mashin zuwa Bodinga wurin mai gyaran rediyo. Da ya dawo ya ba ni labari: mutumin ya buɗe, ya ɗiga fetur a cikin bolum ɗin, ya hura, ya yi ta murɗa shi hagu da dama. Ya ce wani baƙin zobe ne a ciki ya cinye, wanki ba ya mayar da shi, kuma irin wannan tsohon yayi ne, sai an aika Sakkwato a bincika.

Na ce, "To yaushe?"

Malam ya ce, "Ya ce in yi haƙuri. Na ce mai, ni ina iyawa, jan baki na ba su iyawa."

Wankin ya ɗan riƙe, sai ƙarar ta dawo fiye da da. Ranar kasuwa Malam ya kai akwatin wurin wani mai gyara a Shagari. Wannan ya ce ai abu ne mai sauƙi, a cire bolum ɗin a haɗe wayoyin da dalma kai tsaye, murya ta riƙa fita da ƙarfinta duka, ba ɗaukewa. Malam ya kira ni ta waya ya ce mi na gani. Na ce a yi. Duk mun ɗauka ƙarfin murya ne ke korarsu.

Ranar farko ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, Malam ya dawo yana fara'a, ya ci tuwo har da ƙari. Amma muryar ta zama ɗaya tun safe har yamma, ba hawa ba sauka, ba abin da zai zo musu ba zato. A hankali na daina jin ruuu ɗin nan. Abin da nake ji a ƙarƙashin ihuna shi ne cuwi-cuwinsu, suna ci hankali kwance. Malam ya ce har bisa lasifikar suke zama, ina ihu a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ya koma cire wayar batir yana mayarwa, ko za su razana. Duk mayarwa sai lasifikar ta yi wani dum mai tsinka zuciya. Na aika masa cewa sautin ya fara rawa, takardar cikin lasifikar na shirin yagewa. Ya ce ya sani, to mi zai yi? Wata azahar ina tankaɗe na ji muryata ta shaƙe a tsakiyar "Haa", ta koma kukan ƙuda, ta mutu.

Ya ɗaura gwangwanaye a igiya yana ja daga zaune. Mutum ɗaya ne, su kuwa in suka taso inuwarsu har tsakar gidana take kaiwa.

Da aka yi girbi, damunnan da aka shigo da su ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga dami. Na murza zangarniya a tafina, na hura, ƙwayar da ta rage ba ta rufe tsakiyar hannuna ba. Malam na tsaye bakin rumbu da tsani, yana jiran in ce a fara jerawa.

Na ce, "Malam, aje tsanin ga. Wagga kusurwar ɗaki ta ishe shi."

Ya jingine tsanin, ya zauna ƙasa yana murza gwiwarsa. Can ya tambaye ni awaki nawa suka rage muna a garke.