Kunun Kanwa da Zuciyar Yayata

Shekarar da aka yi ta shirin karɓar mulkin kai ina aiki a ɓangaren mata na asibiti, cikin 'yan matan da ake koya wa jinya. Mahaifinmu malami ne, ya yarda na shiga aikin don a ganinsa gara mace ta duba mace. Matan gidanmu kuwa gani suke yi ban iya komai ba sai wanke gyambo.

Yayata tana aure a Ƙofar Taramniya, a gidan fataken shanu, rabin mazan gidan kuma mahauta ne. A shekarar ta yi haihuwarta ta uku, ta sami 'ya mace. Wadda ta je mata zaman jego gwaggonmu ce, yayar mahaifinmu. Duk wadda ta haihu a danginmu ta hannunta take bi. Ita ke tafasa ruwa ta tsoma ganye ta yi wa mai jego wanka safe da yamma, ita ke hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, ita ke dama kunun kanwa mai kauri ta tsaya a kanki sai kin shanye. Abin da take taƙama da shi shi ne sanyi bai taɓa shiga mai jego a hannunta ba.

Ana gab da arba'in na je gaishe su da rana. Na tarar da Yaya zaune ta jingina da bango, jaririyar a gefenta, tana numfashi kamar wadda ta ɗebo ruwa daga nesa. Tana magana tana tsayawa ta yi tari. Ta ce kwana biyun nan ba ta iya kwanciya, da ta miƙe sai ta ji kamar an danne mata ƙirji. Na yaye zanen da ta rufe ƙafafunta, na ga sun yi suntum. Na danna ƙaurinta da babban yatsa, na ɗauke, ramin ya tsaya bai koma ba.

Gwaggo ta ce da farko ta yi murna, ta zaci ƙibar jego ce. Da ta ga abin ya wuce haka, sai ta ce sanyi ne ya sami ƙofa. Saboda haka ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa.

Mijin Yaya bai yi gardama ba, shi ya nemo motar da ta kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta da bayanta, ya ce zuciya ce ta gaza. Aka yi mata allurar da ke sa fitsari, aka sa ta a kan wata 'yar ƙwaya fara. Kafin a sallame ta ƙafafun sun saɓe, tana iya kwanciya da matashi ɗaya. Ranar sallama likita ya ce mini, tunda 'yar'uwata ce, in yi mata bayani da kaina: ba gishiri, ba kanwa, ba aikin wahala, ƙwayar nan kullum, kuma ta dawo a duba ta.

Na yi bayanin kamar yadda aka koya mana. Na ce, "Yaya, ciwon zuciya gare ki." Sannan na jero mata abubuwan da aka hana. Ita da Gwaggo suka yi ta cewa to, to. Na koma aiki hankalina kwance.

Ba a jima ba aka aiko mini cewa jikin ya tashi. Da na je, na ga ƙwayoyin a ƙulle cikin tsumma a bayan fanteka, kusan yadda aka ba ta. Ƙwaryar kunu tana gefen gado, ƙamshin kanwa ya cika ɗakin. Na tambaye ta abin da ya hana ta shan magani. Sai ta ce, "Ke, wa yac ce miki ina da damuwa a gidan ga?"

Ban gane ba. Sai ta gaya mini. Da maganar ciwon zuciya ta shiga gidan, matan sassan suka fassara ta yadda kowa a garin nan zai fassara ta: baƙin ciki ne ya yi mata yawa. Aka fara tambaya a ɓoye, wa ya ɓata mata rai, mijin ne ko uwar mijin? Uwar mijin ta daina leƙo ɗakinta. Shi kansa mijin ya zo ya tambaye ta ko akwai abin da ya rage ta da shi. Ta ga in ta ci gaba da shan maganin, ta amsa ke nan cewa ba ta jin daɗin gidan. Sai ta ajiye shi don a ga lafiya lau take zaune da kowa.

Na zauna a bakin gadon. A asibiti in an ce zuciya, tsoka ake nufi. A ɗakin nan kuwa zuciya ita ce wadda ke fushi, take haƙuri, take ƙuna.

Na roƙi a kira mijin, na ce Gwaggo ma ta zauna. Na tambayi Yaya ko ta san zuciyar saniya. Ta yi 'yar dariya, ta ce a gidan mahauta take, ai ko jiya an soya. Na ce to irin wannan nake nufi, naman da ke cikin ƙirjinta, ba abin da ke ranta ba. Aikinta tura jini ko'ina a jiki. Ɗaukar ciki da haihuwa sun gajiyar da tata, ba ta turawa da ƙarfi, sai ruwa ya kwanta a ƙafa, in ya yi yawa ya hau ƙirji. Ƙwayar tana ƙara mata ƙarfi ne, shi ya sa ba a bari don an ji sauƙi.

Gwaggo ta ce, "To mi ya haɗa wannan da kununa?"

Na ce kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki. Ta taɓe baki. Mijin ne ya gyara zama ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. In aka ba shanu kanwa sai sun yi ta shan ruwa, cikinsu ya cika, har wasu marasa tsoron Allah suna yin haka kafin su shiga kara, kasuwar shanu, don dabba ta yi kyan gani. Ya dubi ƙafar matarsa.

Gwaggo ba ta sauko nan take ba. Ta ce ita ta yi wa uwarmu jego da wannan kunun, ga mu nan mun girma. Da muka fita tsakar gida mu biyu sai ta faɗi ainihin abin da ke damunta. In ta hana kanwa, wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido za ta dubi ƙanenta? Mutane za su ce ta yi sakaci, ta bar ɗiyar ɗan'uwanta cikin sanyi. Na ce ba barin jego za a yi ba. Wanka yana nan, a dai rage zafin ruwan da na gadon. Kunu ma yana nan, amma na tsamiya. Kuma ni ba kullum nake zuwa ba, dole sai an sami mai ido a kanta.

Muka koma ɗakin, na kama babban yatsanta na ɗora a ƙaurin Yaya, na ce ta danna. Ta danna, ta ɗauke, ta tsaya tana kallon ramin. Na ce kowace safiya ta yi haka. In ramin yana ƙara zurfi, ko Yaya ta kasa kwanciya, kada a jira, a kawo ta. Ƙwayar kuma a hannun Gwaggo za ta zauna, ta ba Yaya bayan sallar asuba. Kafin in tafi na ce Yaya ta maimaita mini abin da ta ji da bakinta. Ta faɗa daidai, sai wuri ɗaya: ta ɗauka manda ba ta cikin gishirin da aka hana. Muka gyara.

An sake kwantar da Yaya a asibiti na ɗan lokaci, aka janye ruwan. Da ta koma gida, Gwaggo ta riƙe aikin fiye da yadda na zata. Ta ware wa Yaya 'yar tukunyar miyarta daban, ta ƙara mata daddawa da albasa don ta ciyu. Mijin ya shiga wurin mahaifiyarsa ya yi mata bayani da kansa, washegari tsohuwar ta zo ɗakin da ƙwaryar fura. Ranar da 'yan makaranta suka yi ta yawo da 'yan tutoci na murnar mulkin kai, Yaya ta tako har zaure da goyonta ta leƙa, ta koma ba ta yi haki ba.

Tun daga lokacin, in za a sallami mai irin wannan ciwon, nakan fara tambaya wa ke yi mata girki, wa ke yi mata wanka, in ce a kira mini ita. Wasu sukan zo. Wasu ba sa zuwa, mai ciwon ta dawo mana a kumbure, wani lokaci ta dawo a makare.

Yaya ta rayu har ta aurar da wannan 'yar, ko da yake ba ta ƙara ɗaukar tulu ba. Gwaggo kuwa har ta bar duniya ba ta yarda kanwa na da laifi ba. Cewa take jikin Yaya ne daban. Duk wadda ta haihu a dangi bayan nan ta sha kunun kanwarta, sai dai in ta gama yi mata wanka takan ce ta miƙo ƙafa.